Rajistar Awa Mudu Ce, Kada A Tauye Ta

Tun 'yan shekarun nan wani baƙon abu ya shigo ofisoshin ƙasar nan. Ya fara ne daga ofisoshin ƙungiyoyin ba da agaji, da kamfanonin injiniyoyi, da na masu binciken lissafi, yanzu kuwa ga shi yana leƙa sassan Gwamnati waɗanda ke gudanar da ayyuka da kuɗin rance ko na gudummawa daga ƙasashen waje. Abin nan kuwa shi ne rajistar awa wadda ake cikawa a kwamfuta ko a wayar hannu. Mun sha jin akawuna suna gunaguni a kanta. Waɗansu suna cewa an sa musu ɗan leƙen asiri a kan tebur, waɗansu kuma suna cewa an ɗora musu aiki bisa aiki, ba a ƙara musu ko kwabo ba. Ba mu raina gunagunin nan ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma muna so yau mu warware maganar a tsanake, mu faɗi inda muka tsaya, ko da ba za ta yi wa kowa daɗi ba.

Yadda Abin Yake

Da farko wajib ne mu bambanta wannan rajista da littafin sa hannu wanda kowane ma'aikaci ya sani. Littafin sa hannu tambaya biyu kaɗai yake yi, watau yaushe ka zo, yaushe ka tashi. Ita kuwa rajistar awa tambayarta ta fi wannan zurfi, tana so ta san abin da ka yi tsakanin zuwan da tashin. Kowane babban aiki ana ba shi lamba, sa'an nan a rarraba shi rassa-rassa, kowane reshe da tasa lambar. A ɗauka cewa wani ofis yana da aikin haƙa rijiyoyin burtsatse da aikin gyaran azuzuwan makaranta. Ƙarƙashin aikin rijiyoyi akwai duba wuri, da shirya takardun kwangila, da biyan kuɗi, da rubuta rahoto. To, akawu ya buɗe manhajar, ya zaɓi ranar, ya zaɓi aikin, ya zaɓi reshen, ya rubuta awa 3 a kan takardun kwangila, awa 2 a kan rahoton azuzuwa, haka har ya cika wuninsa. Ƙarshen mako ya aika wa shugabansa, shi kuma ya duba ya amince ko ya komo masa da ita. Daga nan lissafin ya zarce wajen Ma'aji, wanda zai san aljihun da za a ciri kowane kaso na albashin.

Waɗansu manhajojin suna da agogo a ciki, ka danna sa'ad da ka fara, ka danna sa'ad da ka gama, su yi maka lissafi. Waɗansu kuma har hoton fuskar kwamfutarka suke ɗauka jefi-jefi su aika wa shugaba. Za mu komo kan waɗannan na ƙarshe, don muna da magana a kansu.

Ba Yau Aka Fara Ba

Wanda ya ce wannan bidi'a ce ta zamanin kwamfuta, bai duba baya ba. A gidan adana kayan tarihi na Ingila da ke Landan akwai wani ɓallin farin dutse daga ƙasar Masar, na zamanin Fir'auna Ramsis na Biyu, fiye da shekara 3,000 ke nan, wanda magatakarda ya rubuta sunayen ma'aikata 40 a kansa, da ranakun da kowa ya yi fashin aiki, da dalilinsa. Wani ciwo ya kama shi, wani kunama ta harbe shi, wani ya tsaya hidimar gawar ɗan'uwansa. Mu ma nan, waɗanda suka riski zamanin En'e, kafin gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976, ba su manta da tankifa ba, mai tsayawa da littafinsa da sassafe yana kiran sunayen leburori, helma yana gefensa. Abin da tankifa ya rubuta shi ake ɗaurawa a boca, shi Baitulmali ke biya, shi kuma odita ke bi.

A Amurka wani mai gyaran agogo, Willard Bundy, ya ƙago agogon buga lokacin ma'aikata a 1888, kamfanin da aka kafa don sayar da shi kuwa yana cikin tushen waɗanda suka haɗu a 1911 suka zama kamfanin da aka sa wa suna IBM a 1924. Amma shi ma agogon Bundy zuwa da tashi kaɗai yake lissafawa. Wanda aka fi danganta wa rarraba wuni bisa ayyuka a ofis shi ne wani lauya na birnin Boston, Reginald Heber Smith, wanda ya sa lauyoyin ofishinsu su riƙa rubuta lokacin da suka ɓata a kan kowace shari'a, aka kasa awa kashi 10, watau minti shida-shida. Har yanzu lauyoyi da yawa a can da wannan ma'auni suke neman ladansu. Saboda haka manhajar da ke gabanka, ya kai akawu, tankifa ce ta sake riga, sai dai yanzu an miƙa maka alƙalamin ka rubuta wa kanka. Nan kuwa nauyin yake, don an mai da kai mai awo kuma wanda ake aunawa.

Amfaninta Ga Dukiyar Jama'a

Mu dai muna goyon bayan wannan rajista, amma bisa sharuɗɗa. Bari mu fara da dalilan goyon bayan.

Na ɗaya, ita ce ke fito da kuɗin da ke ɓoye. In an tambayi ofis nawa aka kashe a kan rijiya, nan da nan za a kawo kuɗin siminti da na famfo da na ɗan kwangila, don waɗannan suna da rasit. Amma lokacin ma'aikatan da suka yi ta kai da kawowa a kan rijiyar ba ya da rasit, alhali kuwa shi ma kuɗin talakawa ne. Mu yi lissafi na misali. Akawu mai albashin naira 120,000 a wata, in yana aiki awa 40 a mako, to, cikin mako huɗu yana da awa 160, kowace awa tasa ta tashi a kan naira 750 ke nan. In ya ɓata awa 60 a kan takardun rijiya guda, rijiyar nan ta ci naira 45,000 wadda ba ta cikin kowane lissafi. In akwai ofis biyu, ɗaya yana gama irin takardun nan cikin awa 20, ɗaya kuma sai awa 60, ba mai iya sanin haka sai an rubuta. In an rubuta kuwa, sai a tambaya, me ya tsai da na biyun? Sau da yawa za a tarar laifin ba na akawun ba ne, fayil ne ke kwana bakwai a kan teburin wani babba yana jiran sa hannu, akawu kuwa yana ta safa da marwa a kansa.

Masu ba da rance da gudummawa ma don haka suke nacewa a kanta. Ma'aikaci ɗaya yana iya yi wa ayyuka uku hidima, kowane aiki da mai ɗaukar nauyinsa dabam. Wanda ya ba da kuɗi don rigakafin yara yana da hakkin ya san ba a biya albashin aikin gina kasuwa da kuɗinsa ba. Ba tare da rajistar awa ba, sai dai a yi kirdado, kirdado kuwa ba ya tsayawa gaban odita.

Na biyu, ita ce maganin alkawarin da ba a cikawa. Ɗan Adam gwani ne wajen raina tsawon aikin da ke gabansa. A 1994 waɗansu malaman jami'a a Kanada suka tambayi ɗalibai kwana nawa za su yi su gama rubutun kundinsu na ƙarshe. Ɗaliban suka ƙiyasta wajen kwana 34 bisa matsakaici, amma da aka bi su aka ga sai da suka yi fiye da kwana 55. Ba ƙarya suka yi niyya ba, halin zuciya ne, tana tuna aikin, tana manta tsaikon da ke tare da shi. Wanda ya taɓa yi wa shugabansa alkawarin rahoto ran Laraba ya kawo shi Litinin ta sama ya san haka. To, ofishin da ke da rajistar bara ba ya bukatar dogara ga zuciya. Sai ya buɗe ya ga awa nawa irin wannan aiki ya ci a baya, ya yi ƙiyasin bana a kan wannan.

Amfaninta Ga Ma'aikaci

Na uku shi ne wanda masu gunaguni ba su cika lura da shi ba, watau rajistar nan garkuwa ce ga ma'aikaci shi kansa. Tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta ta fari, ta tsai da awa 8 a rana da awa 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. Amma doka irin wannan ba ta da haƙora in ba a rubuta lokacin da aka yi. Wata ƙungiyar ƙwadago a ƙasar Sifen ta kai ƙarar wani banki bisa wannan magana, shari'ar ta kai har Kotun Tarayyar Turai. Cikin bayanan da aka gabatar akwai cewa kashi 53.7 cikin 100 na aikin bayan tashi da ake yi a Sifen ba a rubuta shi ko'ina. Ran 14 ga Mayu, 2019, kotun ta yanke hukunci cewa wajib ne ƙasashen Tarayyar su tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata su kafa hanya tabbatacciya ta auna lokacin aikin kowane ma'aikaci a kowace rana. A wannan shekara kuma Sifen ta fara aiki da dokar da ta ce a ajiye irin wannan rajista har shekara huɗu, a 2022 kuma babbar kotun ƙwadago ta Jamus ta bi sahu.

Ku lura da kyau, jama'a. A can ma'aikata ne suka je kotu suna neman a rubuta lokacinsu, masu gida ne ba sa so. Dalili kuwa a fili yake. Akawun da ake tsarewa har bayan sallar isha yana shirya takardun taron gobe, in ba a rubuta ba, ranar da za a yi maganar ƙarin girma ko ƙarin ma'aikata ba shi da shaida, sai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Malamin makaranta ma haka ne. Jadawalin da ke manne a bangon ofishin hedimasta darussan aji kaɗai ya nuna. Bai nuna daren da malam ya raba yana duba littattafan yara a gida ba, bai nuna shirya darasi ba, bai nuna cika rajistar aji da takardun jarrabawa ba. Wanda bai san wannan ba shi ke cewa malamai suna tashi da azahar su tafi hutawa. Da malamai za su rubuta ainihin lokacin da suke ɓatawa na zango ɗaya tak, da bakin mutane da yawa ya mutu.

Inda Gizo Ke Saƙa

To, amma fa kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Mudu ba ya gyara mai awo. Kowa ya san tsananin gargaɗin da addini ya yi wa masu tauye mudu, waɗanda ke son a cika musu in suna saye, su kuwa su rage in suna sayarwa. Awa ma haja ce, ma'aikaci ya sayar, Hukuma ta saya, kuma kowane ɓangare yana da hanyar da yake tauyewa.

Tauyewar ma'aikaci ita ce cikon ran Jumma'a. Mutum ya bar rajista fayau tun Litinin, sai ana gab da tafiya masallaci ya zauna cikin minti biyar ya zuba takwas, takwas, takwas, ya raba su yadda ya ga dama. Wa ke iya tuna abin da ya yi da hantsin Talata bayan kwana uku? Abin da ya fito lissafi ne mai kyan gani wanda ba kome cikinsa, kuma ya fi rashin lissafi muni, don za a gina ƙiyasin baɗi a kansa. Wani kuma da gangan yake yi, ya fita da ƙarfe goma sha biyu zuwa harkar gabansa, ya rubuta wuni cikakke. Kada wani ya ce ai ɗan kaɗan ne. Ofis mai ma'aikata 10, in kowa ya ƙara awa 2 ta ƙarya a mako, cikin mako 50 an sami awa 1,000, watau aikin mutum guda na mako 25, wanda bisa misalinmu na ɗazu ya kama naira 750,000. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin biyan albashi na bai ɗaya da ake kira IPPIS don kawar da ma'aikatan bogi, kowa kuwa ya yi Allah wadai da sunan da ke karɓar albashi babu mutum a bayansa. To, awar da aka rubuta babu aiki a bayanta ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Tauyewar shugaba kuwa ta fi wannan haɗari, don shi ke da iko. Akwai shugaban da zai ga kuɗin wani aiki ya ƙare, na wani kuma ya yi saura, sai ya kira akawu ya ce masa ya kwashe awanninsa daga wannan lamba ya zuba a waccan. Akwai wanda zai ce kada kowa ya rubuta fiye da awa 8 ko da ya yi 11, don kada a ga ofis yana wahalar da mutane. Duka biyun ƙarya ce, kuma abin baƙin ciki, sunan akawu ne ke ƙarƙashin takardar. Manhaja ba ta mantuwa, tana ajiye ranar da aka sake lissafi da sunan wanda ya sake. Ran da odita ya zo, wanda ya ba da umurni da baki zai ce bai san zancen ba, a bar ƙaramin ma'aikaci da jangwam.

Akwai kuma kuskure na uku, watau a ɗauka yawan awa shi ne yawan aiki. A 1955 wani malamin tarihi Bature, Northcote Parkinson, ya nuna yadda aikin ofis ke kumbura ya cike duk lokacin da aka ba shi. Ya kawo misali da ma'aikatar jiragen ruwan yaƙi ta Ingila, inda manyan jirage suka ragu daga 62 a 1914 zuwa 20 a 1928, amma ma'aikatan ofis suka ƙaru daga 2,000 zuwa 3,569. Lalle kowannensu da an ba shi rajista da ya cika ta taf. In shugaba ya shiga yabon mai yawan awa, to, ya hori mai hanzari ke nan, ya saka wa mai nawa, ba da daɗewa ba kuwa kowa zai koyi jan ƙafa.

Game da manhajojin nan masu ɗaukar hoton kwamfuta da ƙirga motsin yatsa, ra'ayinmu shi ne a nisance su. An taɓa gwada irin wannan tsanani. Frederick Taylor, wanda littafinsa kan tsara aiki ya fito a 1911, ya riƙa tsayawa kan ma'aikata da agogon ƙirga daƙiƙa. Bisa ga abin da shi kansa ya bayar, ya sa mai lodin ƙarfe ya tashi daga tan 12 da rabi a rana zuwa tan 47 da rabi, lada kuwa daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. Aiki ya kusa ninkawa huɗu, lada ko ninki biyu bai yi ba. Da aka kai tsarin wata ma'aikatar makamai ta Gwamnati a Watertown, ma'aikata suka ajiye aiki a 1911, Majalisar Amurka ta yi bincike, a 1915 kuma ta hana amfani da irin wannan agogo a ma'aikatun soja. Mutumin da aka nuna masa ba a yarda da shi ba, dabarar kuɓuta zai riƙa nema, aikin kuwa ya bi ruwa.

Darasi Daga New York

Wanda ke zaton sayen manhaja kaɗai zai kawo gaskiya, ya saurari wannan labari. A 1998 Hukumar birnin New York ta fara wani shiri mai suna CityTime, nufinsa a kafa manhajar da za ta riƙa lissafin lokacin ma'aikatan birnin, don a toshe ƙarya da ɓarnar kuɗi. An ƙiyasta zai ci dala miliyan 63. Daga baya aka sake sharuɗɗan kwangilar, ya zama ana biyan masu aikin bisa yawan awar da suka rubuta. Daga nan sai ƙwararrun haya suka yi ta ƙaruwa, awanni suka yi ta hauhawa, waɗansu manyan aikin suna karɓar cin hanci a kan kowace awa, har aka sami takardun awa da aka amince da su na aikin da ba a yi ba. Kafin a farga kuɗin ya doshi dala miliyan 700. Cikin Disamba na 2010 aka fara kame. A 2012 babban kamfanin da ke riƙe da kwangilar, SAIC, ya yarda ya biya dala miliyan 500 da ɗoriya, a 2014 kuma aka yanke wa mutum uku ɗaurin shekara 20 kowannensu.

Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi ke nan. Waɗanda aka ɗauka su gina mudun awon lokacin ƙananan ma'aikata, su ne suka yi sata da takardun lokacinsu. Wannan ya faru ne a birnin da ke da oditoci da jaridu da kotuna birjik. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Darasin da muka ɗauka biyu ne. Na fari, duk inda aka ce za a biya mutum bisa yawan awa, ba a ɗaure biyan da abin da ya gama ba, an buɗe masa ƙofa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na biyu, idon mai bincike ya fi kamata ya tsaya kan wanda ke amincewa da rajista, don sa hannunsa ne ke mai da ƙarya kuɗi.

Shawararmu

Ga shugabannin ofisoshi muna cewa, kafin ku kawo wannan rajista ku tara ma'aikata ku gaya musu abin da za a yi da ita da abin da ba za a yi ba, ku kuma rubuta shi. Ku taƙaita lambobi. In aka ba akawu lamba 60 ya zaɓa, zai ɓata kwata yana neman inda zai sa minti goma, ƙarshe ya jefa ko'ina. Ku bar awon minti shida ga lauyoyin Boston, rabin awa ya ishe mu. Ku buɗe lamba ta musamman don lokacin da ya tafi a kan taro, da jiran sa hannu, da ɗaukewar wutar lantarki, da yankewar intanet, kada kuma ku hori wanda ya rubuta su, don nan ne za ku ga inda cutar ofis take. Ku tanadi takarda wadda za a cika da hannu ran da wuta ko intanet ta ƙi, musamman ga ma'aikatan ƙauye, kada a tsare albashin bawan Allah saboda laifin da ba nasa ba. Ku ba kowane ma'aikaci ikon ganin rajistarsa da ajiye kofe. Sa'an nan ku ma ku cika taku, don in babba ya keɓe kansa daga doka, ƙarami ya gane ba don gaskiya aka kafa ta ba. In kuwa rajista ta nuna mutum yana yin awa 55 mako bayan mako, to, hakkinsa ya hau wuyanku, ku biya shi, ko ku ba shi hutu, ko ku ƙaro masa mataimaki.

Ga akawuna da malamai kuma muna cewa, ku cika ta kullum kafin ku tashi, minti biyar ya isa, tun abin yana sabo a zuciya. Ku ajiye ɗan littafi a aljihu ku riƙa ɗiga abin da kuka yi sa'ad da kuka yi shi. Ku rubuta abin da ya faru, ko da bai yi kyan gani ba. Ran da kuka yi awa 6 ku sa 6, ran da kuka yi 10 ku sa 10. In wani babba ya ce ku sake lissafi, ku roƙe shi cikin ladabi ya ba ku umurnin a rubuce. Mai gaskiya ba zai ƙi ba, maras gaskiya kuwa zai janye, kun kuɓuta ke nan. Kada kuma wani ya ba abokinsa kalmar sirrinsa don ya cika masa, duk abin da aka shigar da sunanka kai za ka amsa shi.

Mun san akwai waɗanda za su ce albashin da ake biya bai kai a tsananta lissafi a kansa ba, balle in ana jinkirin biya. Kukan ƙarancin albashi kuka ne na gaskiya, kuma muna tare da masu yinsa. Amma ƙarancin kuɗin hatsi bai taɓa halatta wa mai awo ya ƙwanƙwasa gindin mudu ba. Hasali ma ma'aikacin da ke riƙe da lissafin gaskiya na lokacinsa shi ya fi ƙarfin baki ran da za a zauna maganar albashi, don yana da abin da zai shimfiɗa a kan tebur. Kuɗin da ake biyanmu kuwa ba daga aljihun shugaban ofis yake fitowa ba, daga dukiyar manomi da mai tireda da mai sayar da ƙosai yake, waɗanda ba su da wanda zai biya su awar da ba su yi aiki ba.

Muna fata Hukuma za ta karɓi wannan abu da hankali, ma'aikata kuma su karɓe shi da amana. Allah ya ba mu ikon cika mudu, ya kuma sa a cika mana namu. Amin.